Murfin da Na Cire

Ammariyya, Jidda

Malam Ƙarami,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, tare da fatan ka sauka Yanbu lafiya, ka samu wurin kwana mai tsabta da abokan zama masu tsoron Allah. Allah ya tsare ka a tudu, ya tsare ka a cikin jirgi, ya tsare ka a ƙarƙashin ruwan nan da ban taɓa ganin cikinsa ba. Babanka yana gaishe ka, ko da yake bai ce in faɗa ba.

Na san za ka yi dariya in direban kaya ya miƙa maka takarda a wannan zamani. Yi dariyarka. Na tura maka saƙon murya har na gaji, abin da kake mayar mini shi ne hoton babban yatsa. Na kira ka, ka ce, "Ummi, halas, shi ke nan, ma fi mushkila, ba damuwa, na gwada shi yana aiki," ka kashe. To ga takarda, ita ba ta da wurin dannawa a kashe. Da hannuna na koya maka karatun Hausa, na kuma san a hankali kake yin sa kana motsa leɓe. Haka nake so, ka karanta a hankali.

Maganar ɗaya ce, bari in sa ta a gaba kada ta ɓace a cikin surutuna. Munazzim ɗinka, wato abin nan da kake ɗaurawa a silinda ka sa a baki ka yi numfashi, kada ka nutse da shi ranar Lahadi sai mai gyara ya buɗe shi ya duba cikinsa. Na zuba masa ruwa a ciki. Ni ce na zuba, da hannuna. A waya na faɗa maka haka a guntule, ban faɗa maka tun yaushe nake wannan aiki ba, ban kuma faɗa maka wa na fara yi wa ba. Ka yi haƙuri in ka ga ina gaba ina baya, kaina a ɗaure yake tun ranar da ka tafi.

Lokacin da na auri babanka na biyo shi daga Malumfashi, an ce mini aikin ruwa yake yi. Wallahi na ɗauka ruwa yake sayarwa a tanka. Iyakar ruwan da na sani rijiyar gidanmu ce da madatsar da ake hana yara zuwa. Sai da na hau saman gida shanya na ga baƙaƙen kaya a rataye kamar an feɗe mutum, ga takalman roba masu faɗi, ga wani abu mai tiyo-tiyo da kan ƙarfe mai ƙyalli. Da na tambayi kakarka, Allah ya jiƙanta, ta ce, "Ai mijinki gawwas ne, ƙarƙashin bahar yake shiga. Wannan abin shi ne ransa in ya nutse." Tun ranar ban sake kallon abin nan gabana bai faɗi ba.

Ban tambayi babanka komai a kai ba. Ina amarya, ga kunya, ga Hausarsa rabi Larabci. Ido kawai nake bin sa da shi. In ya dawo aiki sai ya hau sama da baho, ya ɗauraye kayan da ruwan famfo, ya rataye a inuwa. Na lura akwai wani ɗan baƙin murfi da ke lilo a jikin kan ƙarfen, kuma kafin ya tsoma shi a ruwa sai ya hure murfin, ya goge, ya toshe bakin da shi ya murɗa. Ni a tunanina saboda kyankyasai ne. Ka san gidajen Ammariyya, ko cokali ka bari a buɗe sai sun leƙa.

Kakarka kuwa tana da al'ada, ita ma a wurin iyayenta ta gada, waɗanda suka tako da ƙafa suka zo aikin hajji ba su koma ba. Duk abin da zai yi tafiya mai haɗari sai ta yayyafa masa Zamzam. Sabuwar mota, akwatin matafiyi, goshin jariri, har likkafanin da ta ajiye wa kanta da Zamzam ta wanke shi. Jarka ba ta yankewa a bayan ƙofarta. Na ce a raina, in akwati ya samu, ina ga abin da mijina yake shaƙar rayuwa ta cikinsa? Sai na fara. Duk ranar da na ji ya ce gobe aikin mai zurfi ne, in ya fita masallaci sai in hau sama. In cire murfin, in ɗura Zamzam da ɗan kofin shayi ta bakin ƙarfen, in girgiza, in danna madannin da ke jikin abin bakin don ruwan ya ratsa ko'ina. In turara shi da bahur saboda ƙarnin roba da kifi, in ɗiga masa man oud, in mayar da murfin, in rataye yadda na same shi. Ina saukowa zuciyata fes, ina ganin na raka shi har ƙasan teku.

Ban taɓa faɗa masa ba. An koya mana alherin da aka ɓoye ya fi lada, kuma macen kirki ba ta nuna wa miji tana jin tsoro. Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma ga abin da na fitar a ciki, in ma na fitar daidai. Kada ka bar kowa ya taɓa munazzim ɗinka, kuma wanda ya fi son ka shi ya fi kamata ka yi hattara da shi, don maƙiyi ba zai hau saman gida ya wanke maka kaya ba. In Allah ya ba ka mata, ranar farko ka zaunar da ita ka nuna mata murfin nan, ka faɗa mata aikinsa. Da babanka ya ɓata minti kaɗan ya ce mini, wannan rami iska kawai ke shigarsa, da ban kai ga rubuta wannan takarda ba. Ban ce laifinsa ne ba. Ni ma da baki a fuskata.

Kana rarrafe lokacin da abin ya same shi. Kai ka taso ka ga babanka yana jan ƙafar hagu, ka ga sai an zagayo ta kunnen dama yake ji, an ce maka hatsarin aiki ne, iyakar abin da ka sani ke nan, don ba ya son maganar. Ni ya faɗa wa a asibiti, bayan sun fito da shi daga ɗakin ƙarfen nan da ake kulle mutum a matsa masa iska.

An tura su duba bakin wani bututu ne, can inda ya fi wuraren da suka saba zurfi. A cikin jirgi ya buɗe silinda, ya sa abin a baki ya zuƙa, iska ta zo lafiya lau. Ya shiga ruwa, a sama-sama ma lafiya. Sai da suka yi ƙasa sosai iskar ta fara yi masa rowa. Ya ce kamar mai zuƙar kunu mai kauri ta tsinken ciyawa. Ya duba agogon iskar, ya ga duk zuƙar da ya yi sai allurar ta faɗi ƙasa sannan ta dawo, alhali silinda a cike take. Ya gani da idonsa, ya kuma san ma'anarsa.

Na tambaye shi, to yaya abin da ya yi aiki a jirgi zai ƙi aiki a ƙasa? Ya ce iska a can ƙasa kauri take yi, numfashi ɗaya a zurfi yana cin abin da numfashi da yawa ke ci a tudu, don haka hanyar da ta toshe rabi ba za ta nuna kanta a sama ba, sai an je inda ake bukatarta duka. Har yau ban gane yadda iska take yin kauri ba. Ni dai iska iska ce. Amma na ga ƙafar, kullum ina ganinta a kan tabarma. Shi ya sa da ka ce mini "na gwada shi yana aiki" hankalina bai kwanta ba. Kalmar da na dogara da ita ke nan shekara da shekaru. Nakan ji shi a sama yana gwadawa, abin yana huci, in ce alhamdulillahi, wankina bai ɓata komai ba. Gwajin ɗakin kwana ba ya ba da labarin ƙasan teku, Malam Ƙarami. In ka ga allura tana rawa da numfashinka, ko ka ji iska tana yi maka nauyi, ko abin ya fara zubar da iska shi kaɗai, aikin ranar ya ƙare, ko da saura ƙusa ɗaya ka ɗaure.

Akwai abokin nutsonsa a kusa, wani saurayi ɗan Sudan da shi babanka ya koya wa aiki, kuma yana da abin baki na biyu a rataye a ƙirjinsa, wanda ake ajiyewa don irin wannan rana. Na ce, me ya hana ka je wurinsa? Ya juya fuska bango. Da ƙyar ya ce, "Kunya." Shi babba, shi malami, ya je ya roƙi iska a wurin ɗalibinsa? Ya ce bari ya lallaɓa ya gama. Yana cikin lallaɓawa ya yi wata zuƙa bai samu komai ba, ya waiga ya ga saurayin ya yi gaba. Sai tsoro ya kama shi, ya manta duk abin da yake koya wa mutane, ya harba sama da gudu ba tsayawa. Kafin su kai gaɓa ƙafar ta mutu.

A nan ma ina da nawa kason, kuma a kanka ne. Ni na raine ka da wannan kunyar. Kana yaro in mun je gidan mutane aka miƙo abinci, harara ɗaya nake yi maka ka ce ka ƙoshi, ko da cikinka yana kuka. Na koya maka kada ka roƙa, kada ka nuna gazawa a gaban baƙi, kada ka ce ba ka iya ba. Ina alfahari da kai a kan haka, mata suna cewa yaron nan akwai kawaici. Yanzu ina zaune ina tunanin na ɗauki halin da ya gurgunta uban na ɗura wa ɗan, na kuma tura shi teku. Ban san yadda ake kwance tarbiyya da takarda ba, amma ina roƙonka: kunyar nan ka bar ta a cikin jirgi tare da takalmanka. Kada ka yi nisa da abokin nutsonka. In iska ta yi maka gardama, ka je ka nuna masa, ka karɓi tasa, ko shi ne yaron da ya fara aiki jiya, ku hau tare a hankali, kuna tsayawa inda aka ce a tsaya, kuma kada ka riƙe numfashi kana hawa. Wannan na ƙarshen babanka ne ya ce in rubuta, yana kallon taga kamar ba da ni yake ba.

Saura maganar Usmanu. Ba ka san shi ba, don kafin ka yi wayo an daina ambatonsa a gidan nan. Lungu ɗaya suka taso da babanka, yana da warsha, wato shagon gyara, a Madinar Masana'antu, shi ke gyara wa masu nutso kayansu. Matarsa Rabi ita ta riƙe hannuna ranar da na haife ka. Bayan hatsarin aka buɗe munazzim ɗin babanka, aka samu cikinsa ya yi kore da tsatsa, ga wani farin abu ya daskare, 'yar rariyar da iska ke bi ta kusa toshewa. Usmanu ya zo dubiya, ina bayan labule da tiren shayi na ji su.

Babanka ya ce, "Kai na ba wa amana. Ka karɓa ka ce ka gyara."

Usmanu ya ce, "Wallahil azim, ya akhi, fes na miƙa maka shi. Ruwa ne ya shiga wannan abin, kuma ba sau ɗaya ba."

"Ni zan bar murfi a buɗe? Ni? Yau na fara aikin nan?"

"Ban ce kai ba ne. Na ce ruwa ya shiga."

"Halas. Tashi ka fita."

Ina tsaye na ji "ruwa ya shiga", na ce a raina, kai, ruwan teku mugu ne, har ƙarfe yake ci. Ban kawo nawa a lissafi ba, don ni a wurina Zamzam ba ya cikin jerin abubuwan da ke ɓata abu. Haka nake faɗa wa kaina. Amma kwanakin nan ina ta tono, ina tambayar zuciyata, shin da gaske tunanin bai zo mini ba, ko kuwa ya leƙo na kore shi? Na tuna hannuna ya yi rawa har shayi ya zube a tire. Me ya sa ya yi rawa? Ban sani ba, wallahi ban sani ba. Abin da na sani shi ne na bi bayan mijina na tsani mutumin, na daina gaida Rabi, in na hango ta a kasuwa sai in sake layi. Babanka ya bar nutso ya koma gadin sito a Khumra, kayan suka shiga akwati, ni ma na manta da wankin.

Sai da kai ka tashi ka ce aikin ubanka za ka yi. Kun yi ta kai ruwa rana da shi, yana cewa ba da yawunsa ba, kana cewa, "Abuya, zamani ya canza, kayan yanzu ba irin naku ba ne." Ni ban sa baki ba. Kai ɗan fari ne, kuma sunan kakanka aka sa maka, ko sunanka ba na iya kira balle in rungume ka in ce ina jin tsoro. Ranar da ka kawo sabon munazzim ɗinka kana juya shi a gaban ƙannenka, na yi kamar ina tsince shinkafa. Ana gobe za ka tafi, kun fita sallar la'asar, na ɗauko shi daga jakarka. Hannuna bai manta komai ba. Murfi, kofi, girgizawa, madanni, bahur, oud. Na mayar na zuge jakar.

Bayan motarku ta tashi muna zaune da babanka muna shan shayi, ya yi jugum, na ce bari in kwantar masa da hankali. Na ce, "Ka daina damuwa, na wanke masa abin numfashin da Zamzam kamar yadda nake wanke naka."

Ya juyo da kunnen dama. "Me kika ce?"

Na maimaita, har da ɗan murmushina.

Ya ce, "Murfin fa?"

Na ce, "Na cire mana. In ban cire ba ta ina albarkar za ta shiga?"

Ya ajiye kofin a hankali. Bai kalle ni ba, ƙafarsa ya kalla. Ya ce, "Tun yaushe?" Na ce tun ina amarya. A nan ne maganar Usmanu ta dawo mini daga bayan labulen nan, kalma bayan kalma. Na jira ya yi mini tsawa, da ya yi ma da na fi samun sauƙi. Sai ya ce, "Inna lillahi. Kira yaron nan." Ka san yadda wayar ta ƙare. Ya karɓa ya fara yi maka faɗa, ka ɗauka tsohuwar rigimarku ce ya sake tayarwa don ya hana ka aikin, kuka rabu kowa ransa a ɓace.

Washegari na ce sai na ga Usmanu. Babanka ya ce, "Yalla, in kai ki." A hanya ya ce mini wata magana da ta ƙara dagula mini lissafi. Ya ce, "Ba lallai ke ce ba. Shekarar nan na ja lokaci ban kai shi gyara ba, ya fi abin da na faɗa wa mutane. Kuma injin da ke cika mana silinda yakan turo danshi, duk mun sani." Na ce, to ka san da haka ka kori amininka? Ya ce mutumin da aka ce masa ba zai sake tafiya daidai ba yana neman wanda zai kama.

Warshar tana nan, Usmanu ya yi furfura, ya sa gilashi. Babanka ya ƙi fitowa daga mota. Na shiga na gaishe shi, na faɗa masa komai ina kallon ƙasa. Na je ne in ji hukunci, ya ce ke ce, in san abin da zan nemi gafara a kai, ko ya ce ba ke ba ce, in samu barci. Bai ba ni ko ɗaya ba. Ya cire gilashin ya goge ido ya ce, "Ya ukhti, wa zai sani yanzu? Ko ke ce, ko silinda mai danshi ce, ko jinkirinsa ne, ko kuwa ni ne na sa wani zoben roba bai zauna daidai ba. Ni ma na daɗe ina tambayar kaina. Watakila duk mun taru ne a kansa." Na fito da tambayata yadda na shiga da ita, har ta ƙara nauyi.

Amma a kan naka bai yi kwana-kwana ba. Na ce masa sabo ne, kuma sau ɗaya na yi. Ya ce mai yiwuwa ba abin da zai faru, mai yiwuwa kuma ya faru, kuma ba a tudu za a gane ba. Na ce ka ɗaura a silinda ka gwada yana aiki. Ya riƙe kai ya ce wannan gwajin ya tura ruwan can ciki, har cikin tiyon agogo, kuma in agogo ya sha ruwa zai iya yi maka ƙarya a kan iskar da ta rage. Ya ce man oud ɗin ma yana cin roba, kuma in aka ba ka silindar da aka ƙara wa sinadarin numfashi, kamar yadda ake yi a wasu ayyuka, mai a bakin ƙarfen nan yana iya kama wuta. Wuta a cikin ruwa! Wannan kam na daina ƙoƙarin ganewa. Ya ce aikin bai fi na yini ba a hannun wanda ya iya: a buɗe, a wanke, a busar, a sauya abin da ya kamata, a gwada a kan na'ura, sannan ka fara shiga da shi wuri mara zurfi. Ya ce duk wurin aikin nutso na kirki suna da na ajiya da za su ara maka.

Muna cikin haka na ji jan ƙafa a bakin ƙofa. Suka tsaya suna kallon juna. Usmanu ya ce, "Ka tsufa." Babanka ya ce, "Kai ma." Ban ji sun ce wani abu ya wuce haka ba, sai dai Usmanu ya jawo masa kujera, shi kuma ya zauna. Ni har yanzu ban samu ƙarfin zuwa wurin Rabi ba. Kai dai duk wanda zai riƙa buɗe maka kayan nan, ka girmama shi, ka kai masa a kan lokaci ko da abin yana aiki, in ya faɗa maka abin da ba ka so ji ba ka tsaya ka ji.

Na san abin da ke hana ka. Ka ce ranar Lahadi mudir, shugaban aikinku, zai gwada sababbi a zurfi, wanda bai shiga ba an wuce shi, kuma ka daɗe kana jiran wannan dama. Na kuma san wanda ba ka faɗa ba: kana jin nauyin ka tsaya a gaban abokan aiki ka ce uwata ta ɗura mini Zamzam a munazzim. To ka faɗa. Na yafe maka, ka ce uwata 'yar ƙauye ce, ba ta san teku ba. Su yi dariya har su gaji, kai ma ka taya su. Ka ce wa mudir a ara maka na ajiya. In ya ce ko ka shiga da naka a haka ko ka tafi, to ka san irin mutumin da za ka riƙa nutsewa a ƙarƙashin umarninsa, ka ɗauko jakarka ka dawo, shinkafar gidan nan ba ta ƙare ba.

Kada kuma ka ɗauka na ce Zamzam yana cutarwa, Allah ya tsari bakina. Wannan tunanin ya hana ni sakat, har na ji tsoron ko na yi saɓo. Na tambayi babanka, ya ce, "Zamzam na cikin ɗan Adam ne, ƙarfe ba ya sha." Ban san ko malamai za su faɗe ta haka ba, amma ta zauna mini. Ga ƙaramar gora nan na haɗo da takardar. Ka sha, ka shafa a fuska, ka yi addu'a. Ko ɗigo kada ya kusanci jakar kayanka.

Babanka ya taɓa ce mini a ƙasan ruwa ba a jin kira, ko mutum ya tsage maƙogwaro. Na yi ta tunanin wannan. Kai a tudu ma ba ka taɓa jin na kira ka ba. Maƙwabtanmu Larabawa suna kirana da sunanka, in yi kamar ban ji ba, sai sun taɓa ni. Duk tsoron da na ji a kanka tun kana zanin goyo, a ɓoye na ji shi, kuma ka ga abin da ɓoyon ya kai hannuna ya aikata. Ban san ko ni na gurgunta ubanka ba, watakila har in mutu ba zan sani ba, zan iya ɗaukar wannan. Naka kuwa na sani sarai, ni na cire murfin, kuma ba zan iya ɗauka ba. Don haka yau na ajiye kunyar, Allah ya yafe mini, kakanka ma ya yafe.

Haruna. Ina jin tsoro, Haruna. Ka kai shi a buɗe.

Kada ka turo mini yatsa. Ka turo mini hotonsa a wargaje a kan teburin mai gyara, in ga cikinsa da idona, in nuna wa babanka.

Allah ya saukar da kai lafiya duk ranar da ka nutse, ya hau da kai a hankali, ya yalwata maka numfashi a inda babu mai ba ka sai Shi. Allah ya haɗa ka da abokin nutso mai waiwaye. Allah ya dawo mini da kai da ƙafafunka biyu, kana jin kirana da kunnuwanka biyu. Amin.

Wassalam,

Ummu Haruna